Onarabul Tare-Muke da Gidan Waya

In ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwar faɗin zuciya, dole a fara da Onarabul Tare-Muke. Zuciyarsa fili ce fetal, kowa ya zo da ra'ayinsa zai samu wurin shimfiɗa tabarma. Tun da mutanen garinsu suka tura shi majalisa ya wakilce su, ba a taɓa jin ya yi musu da ɗan Adam ba. Direbobi suka zo suka ce a ƙara kuɗin mota, ya dafa ƙirji ya ce, "Tare muke." Fasinjoji suka biyo sawunsu suka ce a rage, ya dafa ƙirjin nan dai, daidai wurin da ya dafa ɗazu, ya ce, "Tare muke." Akwai ranar da wani da matarsa suka kawo masa ƙarar juna, suka fita kowa baki har kunne yana ganin shi aka ba wa gaskiya. Sai da suka isa gida suka gane ba a raba komai ba, suka ɗora daga inda suka tsaya. Daga nan sunan ya bi shi. Shi kuwa da ya ji, ya ɗauka lambar yabo ce, har ya sa aka rubuta masa shi a gilashin bayan mota.

Ga shi da kyan tsayuwa. In ya miƙe zai yi jawabi sai ya gyara hula, ya gyara agogo, ya gyara murya, sannan ya ɗaga kai sama kamar daga can ake miƙo masa kalmomin. Ko ba ka fahimci abin da ya ce ba, za ka tafi gida da yaƙinin cewa yau an faɗi babbar magana.

To, a garin nasu akwai gidan waya. Ba wani abin a zo a gani ba ne: ɗaki ɗaya da baranda, fenti ya koɗe, kanta ta katako wadda gwiwar hannun jama'a ta goge har tana sheƙi. Akwai sikeli da sai an ɗan mare shi yake farkawa, da akwatunan ƙarfe jere a bango kowanne da ɗan makullinsa, da fanka mai juyawa kamar tana shawarar ajiye aiki. Bayan kantar akwai wani dattijo da ake kira Mai Hatimi, saboda in ya buga hatimi a kan ambulan har kajin maƙwabta sai sun watse. A nan tsofaffin ma'aikata ke karɓar fansho. A nan ɗalibai ke aika takardun neman makaranta. A bencin barandar kuma ake gyara duniya kullum da safe, a bar ta yadda aka same ta.

A nan ne kuma Gwaggo ke karɓar maganin idonta. Gwaggo yayar mahaifin Onarabul ce, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsa, ita ta yi masa wanka har ya fara jin kunya. 'Yarta da ke aure a wata ƙasa mai nisa ita ke aiko mata da maganin ɗigawa duk wata, irin wanda babu shi a kantin magani na garin. In ƙunshin ya zo a kan kari, Gwaggo har zare take zurawa a allura. In ya makara, sai duniya ta koma mata kamar ana kallonta ta cikin hayaƙi. Daga ƙofarta zuwa gidan waya ba nisa, da sandarta take takawa, tana tafe tana gaisawa.

Ana nan sai labari ya zo cewa jam'iyyar da ke mulki, wato jam'iyyar Onarabul ta kansa, ta kawo ƙudurin rufe ƙananan gidajen waya don a rage kashe kuɗi. Nasu yana ciki. Wanda zai rage mafi kusa yana can babban birni, tafiyar da sai ka sauya mota, ka kuma yi addu'a.

Gari ya ɗauka. Aka taru a barandar gidan waya, aka aika a kira wakili. Ya zo cikin riga mai sitaci, ya hau kan benci, ya yi gyare-gyarensa na hula da agogo da murya.

"Jama'ata! 'Yan uwana! Wannan gini da kuke gani ba bulo da siminti ba ne, zuciyar garin nan ce! Duk wanda zai sa masa kwaɗo, sai ya fara taka gawata! Ni da nake tsaye a nan, a wannan kanta na fara lasar kan sarki na manna a ambulan, har yau ɗanɗanon yana bakina!"

Tafi ya kaure. Mai Hatimi ya share ƙwalla da gefen hula. Gwaggo ce kawai ba ta tafa ba, tana zaune a kujerar da aka fito mata da ita, haɓarta a kan sanda.

"Ɗan nan," ta ce, "sauko ka ji."

Ya sauko ya rusuna.

"Ni ba gawarka nake so ba, wahalar da na sha kafin ka girma ta ishe ni. In an kira sunanka a can, me za ka ce?"

"Gwaggo, abin da zan faɗa sai ginin majalisa ya girgiza."

"Ban tambaye ka gini ba. I za ka ce ko a'a?"

"Haba Gwaggo! Ke dai ki kunna rediyo ranar. Ku duka ku kunna! Za ku ji ɗanku da kunnenku!"

Wannan magana ta ƙarshe daɗin baki ne ya kwashe shi ya faɗe ta, kuma tun kafin ya shiga mota ya fara jin ta tsaya masa a wuya.

Da ya koma birni, aka ce Bulala yana nemansa. Bulala shi ne mai tsawatarwa na jam'iyya, wanda aikinsa ya tabbatar kowane ɗan jam'iyya ya kaɗa ƙuri'a inda aka ce. Ɗan guntun mutum ne, ba ya ɗaga murya, ba ya zare ido. Tabarau kawai yake cirewa ya yi ta gogewa, kuma manyan mutane masu tumbi sun sha yin gumi a gaban wannan gugar.

"Onarabul, an ce ka yi jawabi mai kyau a gida."

"Ranka ya daɗe, ka san mutanenmu, sai da ɗan lallashi."

"An ce har da gawa a ciki."

"Salon magana ne, ranka ya daɗe."

Bulala ya hura wa tabarau iska, ya ci gaba da guga. "Kujerar shugaban kwamitin tafiye-tafiye babu kowa a kanta. Akwai ofis mai labule, akwai jirgi, akwai taro a ƙasashen da ake sanyi. Jam'iyya tana duba wanda ya san gidansu. Ranar ƙuri'a za mu gani."

Hannun Onarabul bai jira izininsa ba, ya tafi ƙirji da kansa. "Tare muke, ranka ya daɗe."

Ya fito yana jin sanyin ƙasashen nan a jikinsa, amma kafin ya kai bakin mota sai haɓar Gwaggo a kan sanda ta faɗo masa a rai. Nan fa babban kai ya shiga aiki. Ga yadda ake ƙuri'a a majalisar: akawu yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, wanda aka kira ya miƙe ya ce "na amince" ko "ban amince ba." Onarabul ya duba ya ga jam'iyyarsu ta fi yawa, da shi da babu shi ƙudurin zai wuce. To me zai sa mutum ya ɓata da wani? Zai yi jawabi mai daɗi wanda ba ya cizon kowa, da an fara kiran suna sai ya sulale banɗaki. In ya je gida ya ce wa Gwaggo, "Wallahi bakina bai ce a rufe ba," kuma bai yi ƙarya ba. In Bulala ya tambaya ya ce ciki ne ya murɗa, ciki kuwa ba ɗan jam'iyya ba ne balle a hukunta shi. Da ya gama wannan lissafi sai da ya dubi kansa a madubin mota ya jinjina wa kansa. Ya ji tausayin ƙasar da take da irinsa amma ba ta san darajarsa ba.

Ranar ta zo. Aka ba shi dama, ya miƙe.

"Ya mai girma Kakaki! Tarihi yana kallonmu, mu ma muna kallon tarihi! Akwai masu cewa a rufe, kuma suna da hujja. Akwai masu cewa kada a rufe, su ma iyayensu ne suka haife su. Ni kuwa ina tsaye daram a inda gaskiya take, kuma gaskiya ta san inda nake! Ba zan ƙara ko kalma ɗaya ba, domin mai hankali ya riga ya gane!"

Ɓangaren gwamnati suka tafa, 'yan adawa ma suka tafa, kowa yana ganin nasa ne. Akawu ya buɗe baki zai fara kiran suna, Onarabul ya dafe ciki, ya yamutsa fuska don masu kallo, ya bi ta ƙofar gefe. Ya shiga banɗaki, ya zaɓi ɗakin ƙarshe, ya sa sakata, ya rufe murfi ya zauna a kai, ya tattare rigarsa a cinya don kada sitaci ya lalace. Ya ji wata irin natsuwa. Har ya fara tunanin launin labulen da zai sa a sabon ofis.

Abin da lissafinsa bai hango ba shi ne, ba shi kaɗai ke da gwaggo a duniya ba. Wasu 'yan jam'iyyar, da aka kira su, suka tuna da nasu tsofaffin, suka miƙe suka ce ba su amince ba. Wasu kuma masu irin wayonsa sun riga shi shiri: ɗaya ya kwanta a asibiti tun jiya, ɗaya ya tafi ta'aziyyar wani mutum da har yau ba a tabbatar ya mutu ba. Da akawu ya kai ƙarshe, sai ga ƙuri'a ta yi kunnen doki. Kuma akwai ƙa'idar da Onarabul bai sani ba, domin bai taɓa zama har ƙarshen ƙuri'a ido biyu ba: duk wanda aka kira bai amsa ba, in dai ya shigo ginin a ranar, sai an sake kiransa kafin a buga guduma. Na asibiti yana asibiti. Na ta'aziyya ya yi nisa. Mutum ɗaya ne ya zaɓi maɓoya mai ƙofa ɗaya.

Can a gari, baranda ta cika maƙil, rediyo yana kan kanta kusa da sikeli. Mai gabatarwa ya rasa abin da zai cika shirun da shi, sai ya yi ta maimaitawa: "Masu sauraro, makomar gidajen waya yanzu tana hannun wakili guda, kuma an shaida mana ya ɗan zagaya. Har yanzu dai ana jira."

"Shiri yake yi," in ji wani tela. "Irin wannan magana sai da shiri."

"Wane shiri?" in ji Gwaggo. "Tun yana ƙarami, in mai allura ya shigo unguwa, a can ake ciro shi."

Shi kuwa Onarabul yana zaune sai ya ji takun takalmi a hankali, ba gaggawa. Takun ya wuce ɗaki na farko, ya wuce na biyu, ya tsaya. Ta ƙarƙashin ƙofa ana hango takalman Onarabul masu tsini, waɗanda duk majalisar ta san su saboda shi da kansa ya sha faɗin inda aka ɗinka su. Aka ƙwanƙwasa.

Ya maƙale murya ya ce, "Da mutum."

"Na san da mutum," in ji Bulala. "Mutumin nake nema."

"Ranka ya daɗe, ciki ne. Abin ba daɗin faɗa."

"Allah ya sawwaƙe. Kakaki yana jira, 'yan jarida suna jira, ƙasa tana jira. Ni ma ga ni, ba inda za ni."

Sai ya ji ƙarar hura iska a gilashin tabarau, da ɗan sautin ƙyalle yana guga. Onarabul ya duba sama, taga ƙarama ce, ko kansa ba zai wuce ba balle sauran. Ya ja ruwa don a fita kunya, ya zare sakata.

Bai taɓa shiga zauren majalisa ya ga ido ya yi masa yawa haka ba. Shekara da shekaru yana mafarkin ranar da kowa zai yi tsit saboda shi, ga ta ta zo, amma ƙafafunsa suna neman komawa inda suka fito. Akawu ya kira sunansa da na mazaɓarsa, dalla-dalla, kamar mai karanta wa kurma.

Ya gyara hula. Ya gyara agogo. Murya ce ta ƙi gyaruwa.

"Ya mai girma Kakaki... tare muke."

"Da wa?" in ji Kakaki.

Dariya ta ɓarke har a kujerun 'yan kallo. Kakaki ya ɗaga hannu. "Mai girma wakili, amsa biyu ce a nan, ba ta uku. Ka amince a rufe, ko ba ka amince ba?"

Onarabul ya waiwaya. Gwaggo tana can nesa, bayan tsaunuka da gadoji. Bulala kuwa ga shi nan, ko hannu ya miƙa zai taɓa shi, ya mayar da tabarau a fuska yana kallonsa ta ciki.

"Na amince," ya ce, da muryar da ya yi fatan ko rigarsa ba za ta ji ba.

Lasifikar kujerarsa, wadda kullum sai an buga ta take aiki, ranar nan lafiyarta ƙalau. Duk da haka Kakaki ya ce bai ji sosai ba, a maimaita. Ya maimaita. Guduma ta sauka. Da ya zauna a kujerarsa tun farko ya amsa a layinsa, da muryarsa ta ɓace cikin muryoyi kamar ɗigon ruwa a rijiya. Yanzu kuwa duk ƙasar ta san sunan wanda ya rufe gidajen waya, ta kuma san daga inda aka ɗauko shi.

Washegari ya je karɓar kujerarsa. Bulala ya tarbe shi da fara'a.

"Jam'iyya ta gode. Sai dai kwamitin tafiye-tafiye yana son mutumin da ba sai an ƙwanƙwasa masa ƙofa ba, kada jirgi ya tashi ya bar shi. Amma ba za ka tashi a banza ba. Mun sa ka mataimaki a kwamitin kula da tsaftar ginin majalisa, tunda ka san wurin ciki da waje."

Ya daɗe bai je gida ba. Da uzuri ya ƙare masa, ya sa direba ya shiga gari ta bayan kasuwa, gilashi a rufe, yana jiran jifa. Ba wanda ya jefe shi. Gidan waya ya gani da kwaɗo, an ɗauke bencin baranda. Sai da suka sha kwanar gidansa ya ga inda bencin ya koma. Yana ƙofar gidansa, cike da tsofaffi. Gefe ga Mai Hatimi a bayan wani tebur, da sikelinsa, ga buhu ya cika da ambulan da ƙunshe-ƙunshe. A tsakiya ga Gwaggo, tana kallon wajen motar tana ƙifta ido, domin maganin watan yana can birni ba wanda ya ɗauko.

Ya fito ya durƙusa. "Gwaggo, wato abin da ya faru, siyasa tana da zurfi..."

"Waye wannan? Matso, ba na gani sosai." Ta shafa fuskarsa, ta kama kunnen ta riƙe kamar mai tabbatarwa. "Shi ne. Ɗan nan, ba faɗa na zo yi ba, na tsufa da faɗa. Ka rufe, mun ji, har sau biyu ka faɗa. To mun zauna mun duba, duk garin nan kai kaɗai ne kake zuwa birni kowane mako, a motar da ba kai kake sayen mai ba, bayanta kuma babu kowa sai hularka ta canji. Ga buhu. In za ka dawo ka taho da namu. Ƙarshen wata kuma ka kwashi waɗannan su karɓo fanshonsu."

"Gwaggo, ni fa ɗan majalisa ne."

"Mun ji a rediyo."

Ya dubi tsofaffin, suka dube shi. Ya nemi kalmar "a'a" a bakinsa, ya laluba ko'ina, ya tarar bai taɓa ajiye ta ba balle ya same ta. Direba ya buɗe but ɗin mota, Mai Hatimi ya mari sikeli.

Amma kada ku ɗauka an ga bayan babban mutum. Kafin wata ya zagayo, sai ga allo a ƙofar gidansa da hotonsa yana nuna sama da yatsa: Shirin Onarabul na Kai Saƙo Har Ƙofa. Ya kira 'yan jarida ya shaida musu cewa ya daɗe da wannan hangen nesa, kuma da gangan ya amince a rufe tsohon gini don a kawo aikin kusa da jama'a. Abin da bai nuna musu ba shi ne yadda yake bin layi a babban gidan waya na birni, buhu a kafaɗa, sitaci yana narkewa, wata ma'aikaciya tana ce masa, "Baba, koma baya, ba a tsallake layi a nan." Bai kuma nuna musu ƙarshen wata ba, ranar da tsofaffi ke cika bayan mota suna gardama a kan na'urar sanyi, wannan ya ce a kashe ƙashinsa yana ciwo, wancan ya ce a ƙara ai haƙƙinsa ne na ɗan ƙasa, shi kuwa Onarabul yana gaba a takure da sandunansu a cinya.

Maganin Gwaggo bai sake makara ba. Sau ɗaya ya manta shi a ofis, ta sa aka kira shi a waya yana tsakiyar zaman kwamitin tsafta, ya juyo da mota a ranar.

Da zaɓe ya matso, wata 'yar jarida ta zo garin jin ra'ayin jama'a. Ta tarar da Gwaggo a bencin ƙofar gidan tana zura zare a allura, Onarabul kuma yana gefe yana kokawa da wani kwali da ya ƙi shiga but. Ganin abin ɗaukar magana, sai ya saki kwalin ya matso, ya gyara hula, ya kasa kunne.

"Gwaggo, bayan duk abin da ya faru, za ki sake zaɓensa?"

"Zan zaɓe shi mana, 'yar nan, har in ja wasu. In ya faɗi ai karɓe motar za su yi." Ta ciji zaren ta tsinke shi. "Wakili ne dai Allah bai ba mu ba. Amma masinja kam, mun dace."